Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Hawa Da Saukar Farashin Tsofaffin Wasannin Tebur

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ji kalmar gwanjo, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne araha, wato riga ko takalmin da wani ya riga ya yi amfani da shi, aka kawo kasuwa ana neman kai da shi. To amma kalmar tana da wata fuskar, wato cinikin da ake yi ta hanyar tayi, wannan ya taya wancan ya ƙara, har a sallama wa wanda ya fi kowa. A irin wannan gwanjo na biyu ne, cikin watan Yuli na shekarar 2019, aka sayar da ɗan dara guda ɗaya tak, wanda bai fi tsawon tafin hannu ba, a kan fam 735,000 a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan. Wani dillalin kayan da ne a birnin Edinbura ya saye shi fam 5 a 1964, ya kuma shafe shekara 55 a hannun iyalinsa ba su san abin da suke ajiye da shi ba.

Wanda ya ji wannan labari zai iya ɗauka cewa duk wani tsohon wasa da ke jibge a ɗakin ajiya dukiya ne. Ba haka abin yake ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abubuwan da ke sa tsohon wasan tebur ya yi tsada a wurin masu tara irin waɗannan kaya, da kuma abubuwan da kan karya farashin nasa, wani lokaci ma cikin 'yan kwanaki.

Wasannin Tebur Da Masu Tara Su

Wasannin tebur su ne waɗanda ake zama a yi su a kan allo ko da kati, kamar lido da karta da dara. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan kamfanoni kan fito da sababbin irinsu duk shekara, kowane a cikin kwalinsa, da allonsa da 'ya'yansa da takardar da ke bayanin ƙa'idojinsa. Idan wasa ya daina samun kasuwa sai kamfani ya daina buga shi. Daga nan duk mai bukatarsa sai dai ya nema a hannun wanda ya saya tun da.

Masu neman tsohon wasa kashi uku ne. Akwai mai so ya yi wasan da abokansa, wanda bai damu ba ko kwalin ya yage, in dai kayan ciki sun cika. Akwai mai tarawa, wanda burinsa ya mallaki bugun farko ya ajiye a kanta yana kallo. Akwai kuma ɗan kasuwa, wanda ya saya ne don ya sayar idan farashi ya hau. Kowane daga cikin ukun nan da abin da ke kawo shi kasuwa da abin da ke korarsa, kuma shigarsu da fitarsu ita ce ke motsa farashi.

Tsufa Kaɗai Bai Isa Ba

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma a wannan kasuwa karin maganar bai cika aiki ba. Ɗauki misalin Monopoly, wasan saye da sayar da filaye da kamfanin Parker Brothers na Amurka ya fara bugawa a 1935. An sayar da ɗaruruwan miliyoyinsa a duniya, saboda haka kwalin da aka buga a 1960 ko 1970, duk da ya haura shekara hamsin, bai fi kuɗin sabo da wani abin kirki ba, wani lokaci ma bai kai ba. Haka abin yake ga Trivial Pursuit, wasan tambaya da amsa da wasu 'yan Kanada biyu suka ƙirƙiro. A 1984 kaɗai an sayar da fiye da kwali miliyan 20. Abin da kusan kowane gida yake da shi, wa zai taya shi da tsada?

Amma a cikin Monopoly ɗin nan akwai wanda ya fita daban. A 1933, kafin kamfani ya karɓi wasan, Charles Darrow ya zana wani allo mai da'ira da hannunsa a kan ƙyalle mai santsi irin na shimfiɗa a tebur. A watan Disamba na 2010 gidan adana kayan wasa na Strong da ke Rochester a jihar New York ya sayi wannan allo a gwanjon Sotheby's a kan dala 146,500. Suna ɗaya, ƙa'ida kusan ɗaya, amma wannan guda ɗaya ne a duniya, kuma an san hannun da ya yi shi. Abin lura a nan shi ne, Lizzie Magie, matar da ta yi rajistar wasan da Monopoly ya samo asali daga gare shi tun a 1904, dala 500 kacal kamfanin ya biya ta a 1935.

Ƙarancin Kaya

Abu na farko da ke ɗaga farashi shi ne ƙaranci, kuma ƙaranci yana da hanyoyin samuwa. Wani lokaci tun farko ba a buga da yawa ba, saboda masu wasan ba su da jari ko ba su zaci zai karɓu ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons, ƙananan littattafai uku a cikin kwali mai launin katako. Kwafi 1,000 aka buga, ana sayar da kowane dala 10. Da wasan ya cika duniya, sai wannan bugu na farko ya zama abin da ake sayarwa dubban daloli.

Haka ya faru da wasan kati na Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi mai suna Richard Garfield ya tsara, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. A bugun farko akwai wani kati da ake kira Black Lotus, wanda kimanin 1,100 kawai aka buga. A lokacin ana sayen ƙunshin kati 15 a kan dala 2.45, mai rabo ya tsinci katin a ciki. A watan Janairu na 2021 an sayar da ɗaya daga cikinsu a kan dala 511,100, sannan a 2024 aka ba da sanarwar cinikin wani a kan dala miliyan 3.

Wani lokacin kuma shari'a ce ko lalacewa ke kawo ƙaranci. A 1981 kamfanin Milton Bradley ya fito da Dark Tower, wasa mai wata hasumiyar roba a tsakiyar allo wadda ke aiki da batir. Bai daɗe a kasuwa ba aka daina yin sa. Wasu mutum biyu sun kai kamfanin ƙara cewa dabararsu ce aka ɗauka, aka kuma yanke musu diyyar da ta haura dala 700,000. Ga shi ba a ƙara bugawa ba, ga shi kuma hasumiyoyin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda tsufan injinsu. Wannan ya sa wanda hasumiyarsa ke aiki ya riƙa kaiwa ɗaruruwan daloli.

Lafiyar Kaya Da Asalinsa

Abu na biyu shi ne halin da kayan yake ciki. Wasa abu ne na yara da hayaniya: kwali yakan yage, ɗan lido yakan shige ƙarƙashin kujera ya ɓace, shayi yakan zube a kan allo. Saboda haka ko da an buga dubbai, waɗanda suka tsira da lafiyarsu kaɗan ne. Masu tarawa sukan jera kaya hawa-hawa. Wanda ba a taɓa cire ledarsa ba shi ne a sama, sai wanda aka buɗe amma ba a ɓalle 'ya'yansa daga jikin kwalin da aka buga su ba, sai wanda aka yi wasa da shi amma komai ya cika, sai kuma mai giɓi a can ƙasa.

A ɓangaren kati abin ya wuce nan. Akwai kamfanoni, irin su PSA a Amurka, waɗanda aikinsu shi ne duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe shi cikin roba mai tauri. Suna duba kaifin kusurwa da gefe da fuskar katin da kuma ko hoton ya zauna daidai a tsakiya. Bambancin da ke tsakanin maki 9 da maki 10 sau da yawa ido ba ya ganinsa sai da gilashin ƙara girma, amma a wajen kuɗi yakan ninka sau da dama. Sai dai katin da aka rufe a roba ya tashi daga abin wasa, ya koma kadara.

Asali ma yana da nasa tasirin. Ɗan darar da aka ambata a farko bai yi tsada don hauren da aka sassaƙa shi da shi ba. Masana sun tabbatar da cewa ɗaya ne daga cikin 'ya'yan darar da aka tono a tsibirin Lewis na ƙasar Sikotilan a 1831, waɗanda aka sassaƙa da hauren wata dabbar teku wajen ƙarni na 12. Guda 82 daga cikin abin da aka tono suna gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, 11 kuma suna Edinbura. Kafin a gane danginsa fam 5 ne kuɗinsa. Da aka gane, sai ya zama abin da ya zama.

Begen Ƙuruciya

Ƙaranci ba ya amfani idan babu mai so. Akwai dubban tsofaffin wasanni da ba a buga da yawa ba, amma ko kyauta ba mai karɓa, domin ba wanda ya tuna da su. Abin da ya fi kawo masu saye shi ne begen ƙuruciya. Yaron da ya yi wasan HeroQuest yana ɗan shekara goma, lokacin da ya fito a Ingila a 1989, ya cika shekara arba'in a 2019. Yana da albashi, yana da 'ya'ya, yana kuma so ya sake riƙe abin da mahaifiyarsa ta daɗe da zubarwa. Idan dubban irinsa suka fito nema a lokaci guda, dole farashi ya tashi.

Wannan ya nuna cewa kowane wasa da zamaninsa. Yakan yi tsada bayan shekara ashirin da biyar zuwa arba'in da fitowarsa, lokacin da yaran da suka yi shi suka zama masu abin hannu. Idan wannan tsara ta tsufa, ta fara rage kaya, ko magada suka fito da abin da ta bari, sai masu sayarwa su fi masu saye yawa. Wasan da ya tsallake wannan mataki shi ne wanda sababbin tsara suka ci gaba da yi, ko kuma wanda ya shiga tarihi har gidajen adana kaya ke nemansa.

Abubuwan Da Ke Karya Farashi

Na farko shi ne intanet. Kafin a kafa kasuwar eBay a 1995, mai neman tsohon wasa sai ya bi shaguna da kasuwannin ƙarshen mako, in ya yi sa'a ya ga guda ɗaya a shekara, mai shago kuma ya tsuga masa kuɗi. Da kowa ya sami damar ɗora abin da ke ɗakinsa a kasuwa, sai aka gane cewa abubuwa da yawa da ake zaton sun yi ƙaranci, warwatse kawai suke. Irin waɗannan suka faɗi. Waɗanda kuwa ƙarancinsu na gaske ne suka ƙara hawa, domin yanzu masu tayi daga ƙasashe daban-daban ne ke ja.

Na biyu, kuma mafi ƙarfi, shi ne sake bugawa. Wasan Dune, wanda kamfanin Avalon Hill ya fitar a 1979 bisa littafin Frank Herbert, ya shafe shekaru masu yawa ba a buga shi, masu son yin sa suna sayen tsoho da tsada don ba su da zaɓi. A 2019 kamfanin Gale Force Nine ya sake buga shi. HeroQuest ma kamfanin Hasbro ya dawo da shi a 2021. Shi kuwa Dark Tower, wani kamfani mai suna Restoration Games ya nemi karo-karo daga masoyansa ta Kickstarter a 2020, ya tara fiye da dala miliyan 4, ya fito da sabon salo a 2022. Abin da kan biyo bayan irin wannan shi ne, masu son wasa kawai sai su koma wa sabo su bar kasuwar tsoho. Kwalin da ya sha jiki, wanda da ma su ne ke sayensa, shi ya fi jin jiki. Mai lafiya na bugun farko kuwa yakan riƙe darajarsa, domin mai tarawa ba sabo yake nema ba.

Kamfanin Wizards of the Coast ya koyi wannan darasi tun da wuri. A 1995 ya sake buga tsofaffin katunan Magic masu tsada da yawan gaske a wani jeri mai suna Chronicles. Farashin na asali ya faɗi, masu shaguna da masu tarawa suka yi ca a kan kamfanin. A 1996 sai ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai sake bugawa don gasa ba, ciki har da Black Lotus. Ke nan wani kaso mai yawa na kuɗin da ake zubawa a kan wannan kati yana rataye ne a kan alkawarin kamfani guda.

Na uku shi ne canjin doka. A watan Satumba na 2024, kwamitin da ke kula da wani salon wasan Magic da ake kira Commander ya haramta amfani da katuna huɗu, ciki har da Mana Crypt, wanda asalinsa tun shekarun 1990 ne. Katin bai canja ba, yawansa bai ƙaru ba, amma da yake ba a iya yin wasa da shi a wannan salo, farashinsa ya rikito cikin 'yan kwanaki. Fushin waɗanda suka yi asara ya kai har ana yi wa 'yan kwamitin barazana, daga bisani suka miƙa ragamar salon ga kamfanin.

Na huɗu shi ne zazzaɓin kasuwa. A lokacin kullen annobar korona, a 2020 da 2021, mutane suna zaune a gida, wasu da rarar kuɗi, sai aka yi rububin tsofaffin katuna, musamman na Pokémon. Kamfanin PSA ya dakatar da karɓar yawancin katuna na wani lokaci a 2021 saboda aiki ya yi masa yawa. A watan Mayu na shekarar, kantunan Target a Amurka suka dakatar da sayar da katunan a shagunansu bayan wani faɗa da ya ɓarke a kansu. A shekarar ce kuma Logan Paul, wanda ya yi suna a YouTube, ya mallaki katin Pikachu Illustrator a cinikin da ya kai dala 5,275,000. A watan Maris na 2022 an sayar da katin Charizard na bugun farko mai maki 10 a kan dala 420,000. Da aka buɗe gari, tsadar rayuwa ta kama mutane, 'yan kasuwar da suka shigo don riba suka fara fitar da kayansu, sai farashi ya sauka sosai, kafin kasuwar Pokémon ta sake ɗagawa a 2025. Wanda ya saya a ƙololuwa kuma bukata ta tilasta masa sayarwa a tsakani, shi ya kwana ciki.

Na biyar shi ne jabu. Duk inda kuɗi ya taru, maha'inta ba sa nisa. Logan Paul ɗin nan ya biya dala miliyan 3.5 a kan wani babban kwali da aka ce na katunan Pokémon ne na bugun farko, har da shaidar masu tantancewa. Da aka buɗe a watan Janairu na 2022, sai aka tarar da katunan G.I. Joe a ciki. Irin wannan labari yakan sa masu saye su ja da baya, kayan da ba su da tabbataccen asali su rasa mai tayawa.

Abin Da Mai Karatu Zai Riƙe

Wanda ya ci karo da tsohon wasa, ko a gida ko a wurin 'yan gwanjo, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya yi kafin ya zubar ko ya saya. Guda nawa aka buga? Kayan cikinsa sun cika? Su wane ne ke nemansa, kuma me ya sa? Akwai abin da zai hana kamfani sake buga shi gobe? Sannan ya bambance kuɗin da mai kaya ya yanka da kuɗin da aka saya a zahiri, domin kowa na iya rubuta dala dubu a kan kayansa ya yi shekara ba mai tayawa.

Ana iya gwada waɗannan tambayoyi a kan abin da ke kusa da mu. A watan Disamba na 2012 aka fito da Monopoly na birnin Legas, wanda shi ne na farko da aka yi wa wani birni a Afirka, inda Banana Island ta zama fili mafi tsada, Makoko kuma mafi araha. Wannan ya ba shi tarihi. Amma darajarsa nan gaba ta dogara ne a kan yawan da aka buga, da yawan waɗanda za su tsira daga laima da gara da hannun yara, da kuma ko yaran da suka yi wasa da shi za su yi begensa idan sun girma. Allon lido da kwalin Whot da ake samu a kowace kasuwa kuwa, hukuncinsu ɗaya da na Trivial Pursuit.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa shekaru ba su ne ke yanke wa tsohon wasa farashi ba. Ƙaranci da lafiyar kaya da sanin asali da begen masu saye su ne ke ɗaga shi, yayin da sake bugawa da canjin doka da hucewar zazzaɓin kasuwa da jabu ke kayar da shi. Yawancin waɗannan abubuwa ba a hannun mai kaya suke ba, suna hannun kamfani ne ko kwamiti ko zuciyar jama'a. Don haka wanda ya sayi tsohon wasa domin yana son sa, ko farashi ya faɗi yana da abin da zai zauna ya yi da iyalinsa. Wanda kuwa ya zuba jarinsa don riba kaɗai, ya tuna da masu katunan 1995 da na 2024. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.